Mijina ya san kowane mai abinci a Damagaram, tukunyata ce kawai bai sani ba

Assalamu alaikum Hajiya, ina yi miki fatan alheri. Don Allah a sakaya sunana. Ni matar aure ce a nan Damagaram, shekararmu 3 da aure, Allah ya ba mu ɗiya ɗaya. Maigidana ma'aikaci ne, ya daɗe yana zaman kansa tun yana ɗalibi kafin ya yi aure. Ba ya zagi, ba ya duka, bai taɓa barinmu da yunwa ba. Damuwata ita ce ba ya cin abincin gida. Da safe ya tsaya wajen mai shayi, da rana akwai restoran ɗin da suke zuwa shi da abokan aikinsa, da dare kuma in ya tafi fada, wato majalisar hirarsu ta abokai, sai wajen ƙarfe 11 ya dawo, ya ci tsire ko gasasshiyar kaza ko wani abin da ban ma san sunansa ba. Tun daga Zango har Sabon Gari har bakin tasha babu mai abincin da bai sani ba. Abokansa in sun yi baƙi shi suke kira su tambaya ina za a kai su. Ni kuwa in wuni a gaban murhu, ya zo ya ɗaga murfi ya ce, "Sannu da aiki, na ƙoshi." Tuwon dare ya zama ɗumame, wani lokaci almajirai ke cinye shi. Jika 2, wato sefa dubu 2, yake ba ni na cefane kullum, amma a lissafina abin da yake kashewa a waje ya kai haka ko ya fi, ga shi kafin ƙarshen wata sai ya ce babu. Da na yi masa magana sai ya yi dariya ya ce in shirya ya riƙa fita da ni. Wallahi na ji daɗi, don ni ma ina sha'awar ganin wuraren nan. Amma da maganar ta kai kunnen mahaifiyarsa, wadda muke gida ɗaya da ita, sai ta ce a gidansu matar aure ba ta cin abinci a titi, kuma da na iya girki da ɗanta bai fita ba. Maganar nan ta tsaya mini a rai. Wata ƙawata ta ce in daina girkin gaba ɗaya ya gani. Wata ta ce ƙila akwai mai abincin da ta riƙe shi, in nemi taimako wajen malam. Hajiya, girkina ne bai yi ba? Ko akwai wata? Me zan yi?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya raya ɗiyar, ya zaunar da ku lafiya.

Bari in fara da tambayar da ta fi ci miki rai. Girkinki ba shi da laifi, kuma shaidar tana cikin wasiƙarki. Wanda abinci bai yi masa ba sai ya ɗanɗana tukuna, ya yatsine fuska, ya ce gishiri ya yi yawa ko miyar ta tsinke, sannan ya ture kwano. Naki mijin murfi yake ɗagawa ya mayar, don ya riga ya cika cikinsa tun a waje. Bai ci ba balle ya yanke hukunci. Kin ce tun yana ɗalibi yake zaman kansa. To ki duba yawan shekarun nan da ya yi ƙafarsa ce ke kai shi wajen abinci safe, rana da dare. Mai shayin ya san yawan sukarin da yake so, mai tsiren ya san tsokar da yake zaɓa, wataƙila ma akwai inda yake cin bashi sai an yi albashi ya biya. A haka aure ya same shi. Hausawa sun ce sabo turken wawa, kuma ba wawa kaɗai yake ɗaurewa ba, har masu hankali yana riƙe su.

Sai kuma fada. Ni da ke ba ma zama a can, shi ya sa muke ganin wurin ɓata lokaci ne kawai. Ga namiji a ƙasar nan, a fada ake jin labarin gari, a can ake jin inda aka buɗe ɗaukar aiki, a can ake haɗa gudummawa in wani ya yi haihuwa ko rashi, a can ake samun rancen da ba a rubutawa. A ɗora buta a kan gawayi, a sha na fari, a sha na biyu, a sha na uku, tsakanin kofi da kofi wani ya aiki yaro ya sayo balangu. Wanda ya ci na wani yau, gobe shi zai saya, in ba haka ba a laƙaba masa suna. Mijinki kuma har ya samu matsayi a cikinsu, tunda shi ake bugawa waya in an yi baƙo daga Yamai ko Maraɗi. A idonki ƙaramin abu ne, amma ɗan Adam yana son a san shi da wani abu, kuma ba ya sakin irin wannan da sauƙi. Na kawo miki wannan duka don ki san da abin da kike ja. In kika ce ya zaɓa tsakaninki da fada, kin tura shi inda zai yi miki alkawarin da ba zai cika ba.

Sanin dalili dai ba ya share hawaye, na sani. Na karanta wasiƙarki na ga inda ciwon yake. Mace ta tashi tun da sassafe, ta nemi ruwa a garin da ruwa ke wuya, ta surfa hatsi, ta kai niƙa, ta sha hayaƙi, sannan ta zauna daga magariba har ƙarfe 11 tana sauraren ƙarar babur a ƙofar gida, a ƙarshe a sallame ta da "sannu da aiki". Mijinki yana da gari guda da yake yawo a cikinsa yana jin daɗi, ke kuwa ba a ba ki ko kusurwa ɗaya a ciki ba. Abin da kike nema zama ne tare da shi, kuma ba ki roƙi abin da ya fi ƙarfin haƙƙinki ba. Allah ya umarci maza a Suratun Nisa'i da su zauna da matansu da alheri, kuma ya inganta cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gaya wa Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas cewa har lomar da mutum ya sa a bakin matarsa yana da lada a kanta. Wanda bai zauna kusa da kwanon ba, yaya zai samu wannan ladar?

Zancen wata mace ba zan daɗe a kansa ba, don ban ga alamarsa ba. Namijin da wata mai abinci ta riƙe wuri ɗaya yake zuwa, kuma ɓoye wurin yake yi. Naki ya karaɗe gari daga Zango har tasha, kowa ya sani, kuma da bakinsa ya ce ki shirya ku tafi tare. Da a ce ya fara kifa waya in kin shigo, ko akwai wuri guda da ambatonsa ke sa ya sauya fuska, da maganata ta canza. Babu ko ɗaya a wasiƙarki. Kada ki bari a zuga ki ki je ki tsaya a kan wata baiwar Allah da ke neman abin da za ta ciyar da ƴaƴanta a bakin titi. Batun malam kuma, addu'a ke ma kin iya, ki tashi cikin dare ki roƙi Ubangijinki. Amma duk wanda zai karɓi kuɗinki ya ba ki ƙulli ya ce ki barbaɗa a miya, ki guje shi: ba ki san abin da ke ciki ba, ɗiyarki da surukarki daga tukunyar nan suke ci, ga kuma imaninki. Ita kuwa mai cewa ki daina girki, ki tambaye ta wa zai kwana da yunwa. Shi ba zai ma lura ba sai bayan kwana biyu, tunda dama ba ya ci. Tsohuwa da yarinya ne za su ji jiki, kuma kin miƙa wa surukarki hujjar da ba ta da ita. Ki ɗan rage kai zancen gidanki wajen ƙawaye, ƙanwata. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Inda nake so ki tsaya da ƙafarki shi ne kuɗi. In lissafinki daidai ne, jika 2 kullum jika 60 ke nan a wata. Mafi ƙarancin albashin da doka ta yanka a Nijar tun farkon 2024 jika 42 ne. Wato abin da yake ci a waje shi kaɗai ya fi abin da wani magidanci ke riƙe gidansa da shi wata guda. Sannan rabonsa na tuwon gida ma da kuɗinsa aka dafa, ya zama ya biya abincin dare sau biyu ya ci sau ɗaya. Ba abin mamaki ba ne in wata bai ƙare ba ya ce babu. Sai dai ki tuna lissafin nan kintace ne, shi kansa da wuya in ya taɓa tarawa, don kuɗin da ke fita dala 20 nan, dala 100 can, ba ya ciwo a aljihu. Saboda haka kada ki tare shi da "kana ɓarna". Ki samu ɗan littafi ki rubuta naki ɓangaren tukuna: hatsi ko shinkafa tiya nawa, mai, kayan miya, itace ko gas, ruwan ƴan ga-ruwa, sabulu, abin da ɗiyar ke bukata. In kin cika wata guda ki nuna masa, ki ce ko zai gwada rubuta nasa na sati ɗaya don ku ga inda kuɗin ke bi. Maza da yawa in suka ga jimlar da idonsu, su da kansu suke yin salati.

Kuma ki yi masa adalci a kan abincin rana. Ma'aikata da yawa yanzu ba sa tashi daga aiki har la'asar, hutun rana gajere ne. In wurin aikinsa da nisa, zuwa gida da komawa a kabu-kabu ko a man babur zai iya cin kuɗin kwanon shinkafa da wake, ga zafin rana. Wannan ki bar masa shi, ko in yana so ki riƙa zuba masa a kula wasu ranaku. Karin safe da abincin dare su ne naki.

Lokacin magana yana da muhimmanci. Ba ƙarfe 11 na dare ba, yana shigowa da barci a ido ke kuma ranki a ɓace. Ba kuma inda tsohuwa za ta ji ba. Ki zaɓi ranar hutu da hantsi, ku biyu a ɗaki, ki ce masa wani abu kamar haka: "Maigida, ban hana ka fada ba, ban kuma hana ka abokanka ba. Abu ɗaya nake roƙo, ka ci na dare tare da mu kafin ka fita, ko loma biyar ce. Ɗiyar nan tana girma ba ta san zama gaban kwano ɗaya da babanta ba." Ki roƙi abin da ake iya ƙirgawa, misali dare huɗu a sati da kuma abincin ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. "Ka riƙa ci a gida" magana ce mai faɗi, kowa zai ce to ya manta. Ke kuma sai ki gyara naki lokacin: abinci ya sauka kafin magariba, yana dawowa daga masallaci ya tarar da shi da zafi, ki zuba masa kaɗan don kada ya ji an ɗaure shi. In ya ci ya tafi fada, ki raka shi da fara'a. Wanda ya fita da abu a cikinsa ba zai sayi rabin kaza ba, tsinke biyu na tsire ya ishe shi zaman hira, kin ga kuɗin ma sun ragu ba tare da an yi faɗa ba. Daren da ya san ba zai ci ba, ya turo miki saƙo tun la'asar ki rage awo. Wannan ko mai restoran yana so a gaya masa.

Akwai wata dabara da iyayenmu suka sani. A da maza ba su cika sayen abincin dare ba, ciyayya suke yi: bayan magariba kowane magidanci a fito masa da akushinsa ƙofar gida, maƙwabta su haɗu su ci na juna. Fada ta gaji zaman, amma ta bar akushin a baya. Ki maido shi. Sau ɗaya ko biyu a wata ki yi dambu mai zogale da ƙuli-ƙuli da mai da yaji, ko ɗanwake, ko waina da miyar taushe, ki cika babban faranti ki aika fada da sunan maigidanki. Abokan nan da kike gani kamar su suka ƙwace miki shi, su za su fara tambayarsa, "Wai kai da wannan a gida me kake nema a titi?" Shi kuma mai son a san shi da sanin abinci, ya samu sabon abin tinƙaho. Ki fara gaya masa kafin ki aika, kuma kuɗin daga aljihunsa za su fito, ba daga jika biyunki ba.

Yanzu surukarki. Maganarta biyu ce, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Ta biyun, wai da kin iya girki da bai fita ba, ba ta yi miki adalci ba, don ɗanta yana cin waje tun ba ta san za ki shigo gidan ba. Amma uwa ce, ya fi mata sauƙi ta ɗora wa suruka da ta ce ɗanta ne bai kyauta ba. Kada ki mayar mata, kada ma ki kai ƙara wajen ɗanta kina kuka, don zai shiga tsakanin uwa da mata ya rasa na yi, ƙarshenta ya ƙara daɗewa a fada. Ita fa tana cin girkin nan kullum, ta san gaskiya.

Ta farkon kuwa tana da tushe, ki fahimce shi. Abincin saye ba baƙo ba ne a Damagaram. Tun ƙarni na 19, zamanin Sarki Tanimun, ayarin fatake masu bin hanyar Kano zuwa Agadas har Tarabulus a nan suke sauka, a unguwar Zango, bayan ganuwar Birni, kuma garin da ke saukar baƙi dole ya iya ciyar da su. Har yau furar da ake sha da rana, ƙosan safe, awara, alkakin da garin nan ya yi suna da shi, yawanci a tsakar gidajen matan aure ake yin su a fito da su. Na tabbata tsohuwar ma tana aika yaro ya sayo mata. Abin da take gudu a ga surukarta zaune a kan benci a bakin hanya tana tauna, maza suna wucewa, gobe a wajen biki a ce an ga matar wane. Ko a littattafan fiƙihu na da, malamai sun lissafa cin abinci a kasuwa cikin abubuwan da ke rage mutuncin mutum, sai dai sun ɗaure hukuncin da al'adar wuri da zamani, ba su ce haramun ne ba. In kuwa za a bi wannan ma'aunin, ɗanta zai fara kamawa. Wannan tsakanina da ke ne, kada ki kai mata.

Don haka gayyatar mijinki ki karɓe ta, amma a bi ta a hankali, kuma shi zai yi wa mahaifiyarsa magana, ba ke ba. Ku fara da kawo waje cikin gida. Daren da ya yi sha'awar balangu ko gasasshiyar zabuwa, ya sa a ƙunso masa ya zo da shi, ki yanka albasa da tumatir, a fara ɗibar wa Iya nata mai laushi a kai mata ɗaki. Tsohuwar da ta saba ana kawo mata tsarabar dare ba za ta ci gaba da ganin abincin nan abin kunya ba. Bayan wannan sai fita, kuma a haɗa ta da wata hidima: ranar da za ku je gaida danginki, ko kai ɗiyar awo, ko sayayya a kasuwar Dole, a hanyar dawowa ku tsaya. Ranar Lahadi ma kuna iya zuwa Mirya, tafiyar da ba ta kai kilomita 20 ba, ku ci kasuwa ku dawo da kayan lambu. Wurin da za ku zauna ya zama mai ɗaki ko rumfa a ciki, inda iyalai ke zuwa, da rana ko da yamma. Ban da teburin mai shayi, ban da gaban mai tsire da dare, ban da duk inda ake sayar da giya. Mijinki ya san garin, ya san irin wurin da nake nufi. Ki sa hijabinki, ki ɗauki ɗiyarki, in za ku dawo ku riƙo wa tsohuwa kilishi ko alkaki. Ba na son ku yi mata ƙarya. "Za mu fita, za mu ɗan tsaya mu ci abinci a hanya" ya isa, daga bakinsa, cikin ladabi. In ta kafe, a dakata, a nemi wata gwaggonsa ko ƙanwarta da take jin maganarta. Izinin fitarki a hannun mijinki yake, amma gida ɗaya kuke, ke ce za ki wuni da ita in ya tafi aiki, kuma kwanon abincin saye ɗaya bai kai a yi wata guda ana gaba a kansa ba.

In Allah ya sa kun fita, ki ci ki ji daɗi, wannan ne farko. Amma ki buɗe ido ki ga abin da yake cewa a kawo masa. Sau da yawa abin da ke jan maza waje sauyi ne: yau taliya, gobe kaza da soyayyen dankali, jibi salati da ƙwai, alhali a gida saboda tsohuwa tuwo ne da miyar kuka ko kuɓewa kusan kullum. Ki bar wa Iya tuwonta, kada ki taɓa mata shi. Daga kuɗin da aka rage a waje, ki riƙa yi muku wani abu dabam sau biyu a sati. Kada kuma ki wahalar da kanki wajen gasa da mai tsire, wutarsa da yajinsa sana'ar shekaru ce. Ya kawo naman, ke ki yi abin da za a ci da shi.

Batun lafiya zan faɗa miki don ki sani, ba don ki mayar da shi abin tsoratarwa ba, domin masu abinci da yawa a garin nan suna da tsabta. Kin san halin ruwa a Damagaram, musamman da bazara. Inda ruwa ya yi tsada, roba ɗaya ake wanke kwanonin wuni guda a ciki, kuma taifot da kwalara ta ruwa da hannu da abinci suke shiga. A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40, abinci yana saurin juyawa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana cewa kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye ba a kan wuta ba, ba a firji ba. Shi ya sa naman da aka sauke daga wuta a gabanki da ƙosan da aka tsamo yanzu sun fi aminci a kan shinkafar da ta wuni a roba tun safe, ko ɗanyen salatin da ba a san ruwan da aka wanke shi ba, ko zoɓo mai ƙanƙara. Ki duba ko mai karɓar kuɗi shi ne mai damƙar abinci da hannu, ki duba ko man suya ya yi baƙi. Ɗiyar kuwa ki ba ta mai zafi kawai, ki tafi mata da ruwanta daga gida. Wannan ƙa'idar ta shafi ɗumamenki ma, ya tafasa sosai kafin a ci. Shi kuma maigidan, wanda ya shekara da shekaru yana cin nama da mai da dunƙulen magi dare da rana, ya kamata ya je a auna masa jini. Gishirin da ake so babba ya tsaya a kai bai wuce giram 5 a rana ba, kimanin ƙaramin cokalin shayi, kuma hawan jini ba ya sallama kafin ya shigo. Ki ce ku je a auna ku duka biyu, zai fi karɓa.

Ki sa ran zai riƙe alkawarin sati biyu ya saki, ya sake kamawa. Ranar da ya saɓa kada ki ɗaure fuska har gobe, ki ce, "Jiya mun jira ka," ki yi shiru. Ranar da ya zauna ya ci, kada ki mayar da wurin kotu, kada ki kawo zancen kuɗin haya ko abin da Iya ta ce. In duk lokacin da ya zauna gaban kwanonki ƙorafi ne ke biyo baya, zai koma inda ake ci ana dariya.

In kuma kin bi duk wannan wata biyu ko uku bai motsa ba, kuma "babu" ta fara taɓa abin da ya wajaba, wato hatsi ya ƙare, ko ɗiyar ba lafiya an rubuta magani an kasa saye alhali daren jiya an ci kaza a fada, to magana ta tashi daga sha'awa ta koma ciyarwa, wadda shari'a ta ɗora masa. A nan ba za ki yi shiru ba. Ki sake zama da shi sau ɗaya ki gaya masa a fili cewa za ki nemi wani babba ya shiga. Ki zaɓi wansa ko kawunsa ko limamin da yake jin nauyinsa, ba mahaifiyarsa ba, tunda ta riga ta ɗauki ɓangare, ba kuma iyayenki ba tukuna, don kada abin ya zama na dangi da dangi. In za ki je, ki tafi da littafin lissafin nan naki, ki faɗi alherinsa kamar yadda kika faɗa mini, cewa ba ya zagi ba ya duka, sannan ki nuna abin da ke shiga da abin da ke fita, ki bar babban ya yi masa magana.